BAKOLORI DA ZANCEN "BIRNI MAI BASIRA"

A 'yan shekarun nan akwai wata kalma da ta shiga bakin shugabanni da masu tsara birane, har da wuya a yi bikin buɗe wani babban aiki ba a ji ta ba. Da Turanci "simat siti" suke cewa. Waɗansu sun juya ta zuwa "birni mai wayo", amma mu ba mu yarda da wannan fassara ba, gama a Hausa in aka ce wane mai wayo ne, sai kowa ya dafe aljihunsa. Bari mu ce "birni mai basira". Abin da ake nufi shi ne garin da hukumarsa take samun labarin abin da yake faruwa a cikinsa ta wurin na'urori, wato kwamfuta da wayar hannu da kyamara da ma'aunai masu aika rahoto da kansu, sa'an nan ta yi aiki da labarin wajen raba ruwa da wuta, da kwashe shara, da karɓar haraji, da tsaron jama'a. In bututu ya fashe, ofis zai sani kafin unguwa ta kwana da ƙishi. In an karɓi kuɗin rumfa a kasuwa, ma'aji zai ga shigarsu tun mai karɓa bai bar wurin ba.

Ƙasashe da dama sun gwada. A Koriya ta Kudu an cike bakin teku aka gina sabon birni mai suna Songdo, inda shara take bi ta bututu daga cikin gidaje, ba sai mota ta zo kwasa ba. A birnin Riyo na ƙasar Barazil, bayan ambaliya da zaftarewar ƙasa sun kashe mutane sama da 200 a watan Afrilu 2010, an buɗe wani babban ɗaki inda hukumomi kusan 30 suke zaune wuri ɗaya suna duban garin a kan allo. Indiya ta ƙaddamar da shirin birane 100 a 2015. A Toronto ta ƙasar Kanada kuwa, wani kamfani ɗan'uwan Google ya so gina unguwa irin wannan, mutanen gari suka yi ta tambaya ko wa zai mallaki bayanan da za a tattara a kansu. An daɗe ana gardama, a 2020 kamfanin ya janye, ya ce halin tattalin arziki ne ya sa.

Mai karatu da yake zaune a Talata Mafara ko Bakura ko Maradun yana iya cewa, me ya haɗa kifi da kaska? Mu da muke neman ruwan sha da kwanciyar hankali, ina mu ina shara mai bin bututu? Tambayar tana bisa hanya. Amma muna roƙon a yi haƙuri a biyo mu, domin garuruwan nan uku sun taɓa karɓar baƙuncin fasahar da ta fi kowace tsada da ƙyalli a zamaninta, kuma abin da ya biyo baya ya isa a yi karatu a kansa kafin wata ta sake zuwa.

Garuruwa uku, gwamnoni uku

Talata Mafara tana kan babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato, ranar kasuwarta kuwa tana cikin sunanta. A nan Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau take, a nan kuma aka kafa Jami'ar Jihar Zamfara. Bakura tana da kwalejin aikin gona. Maradun ita ce take kusa da tafkin dam. Bisa ga ƙidayar 2006, mutanen ƙananan hukumomin nan uku sun haura 600,000 in an haɗa su. Tun daga wannan shekara ba a sake ƙidaya a Nijeriya ba, wato yaron da aka haifa bayan an rufe littafin ƙidayar ya isa jefa ƙuri'a yanzu, amma da wancan tsohon lissafi ake kintacen yawan azuzuwa da gadajen asibiti.

Ba kuma za a ce garuruwan sun rasa nasu a sama ba. An ƙirƙiro jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996. Daga 1999 zuwa 2023, shekara 24 ke nan, shekara 20 a ciki 'ya'yan garuruwan nan ne suke kan kujerar gwamna: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Mafara daga 2011 zuwa 2019, da Bello Matawallen Maradun daga 2019 zuwa 2023. An ga tituna da gine-gine, ba mu musu. Amma gari yana iya samun kwalta mai kyau alhali hukumarsa ba ta san yawan rijiyoyin burtsatse masu aiki a kowace unguwa ba, ba ta kuma san ko fuloti nawa aka yanka a bayan gari bana ba. Wannan rashin sani shi ne ciwon da masu zancen birni mai basira suke cewa suna da maganinsa.

Abin da ya faru a Bakolori

A 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoto a kan kogin Sakkwato. Shawararta ita ce a yi ƙaramin dam a Bakolori, a kuma bi aikin noman rani sannu a hankali, domin kada a birkita yadda mutane suka saba amfani da ƙasarsu. Sai kuɗin man fetur suka shigo, sannu a hankali ya zama abin raini. Aka ba kamfanin Impresit Bakolori aikin, wanda gwamnati ta haɗa jari a cikinsa da wani reshen kamfanin Fiat na Italiya. Tsarin ya kumbura ya zama ƙaton dam ɗaya mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450, da filin noman rani hekta 23,000 wanda ya ratsa ƙasar Mafara da Bakura da Maradun. An fara gini a 1974, an gama a 1978.

A cikin hekta 23,000 ɗin nan, wajen 8,000 kaɗai aka tsara ruwa zai gangara musu da kansa ta magudanai. Sauran 15,000 da feshi za a shayar da su, wato manyan famfuna su tura ruwa cikin bututu, ya fito yana yayyafi bisa shuka kamar damina. Dattawan da suka gani da idonsu suna iya ba da labarin yadda abin yake da ban sha'awa. Amma famfunan nan ba su motsi sai da wutar lantarki, kayan gyaransu kuma daga ƙetare suke zuwa. Injin wutar da aka sa a jikin dam ɗin ƙarami ne, megawat 3. Da wuta ta fara yankewa, kuɗin gyara kuma suka ƙafe, sai famfuna suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, bututu suka lalace, waɗansu suka yi ƙafa. Zuwa 2003 feshin ya mutu murus, abin da ake nomawa bai wuce hekta 7,500 ba, galibi shinkafa, kuma a wancan ɓangare ne da ruwa yake gangarawa da kansa, ɓangaren da aka ɗauka shi ne na baya a wayewa.

Asarar ƙarfe ke nan. Asarar mutane ta fi ta. Sa'ad da ruwa ya taru a bayan dam, dubban mutanen yankin Maradun suka rasa gidaje da fadamu, aka mai da su kan tudu inda ƙasar ba ta kai wadda suka bari ba. A filin noman rani kuma, katafila ta bi gonaki ta baje su domin a daidaita ƙasa. To, manomi da me yake gane iyakar gonarsa? Da kuka, da ɗorawa, da jerin gamba, da tsohuwar suri. Da aka ture waɗannan duka, sai iyaka ta ɓace. Lokacin mai da wa kowa gonarsa ya yi, aka shiga ruɗani, gama takardun da aka yi kafin a baje ƙasar ba su isa su raba gardama ba. Mutane suka yi damina bayan damina ba su shuka ba, diyya kuma tana ta jan ƙafa. Manoma suka tare hanyoyin aiki. A ƙarshen watan Afrilu 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar jihar Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka auka wa ƙauyuka, har da Birnin Tudu. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, amma mutanen wurin da masu bincike sun ce waɗanda suka mutu ɗaruruwa ne, adadin da aka fi ambata kuwa shi ne 386.

Na ƙasa da dam ma ba su tsira ba. Ambaliyar da take shayar da fadamunsu kowace shekara ta ragu, shinkafar fadama da kamun kifi suka ja baya. Ba wanda ya tambaye su tun farko. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a Bakolori an yi rufin ne mai ɗaki yana tsaye a waje.

A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen kusan dala miliyan 495 domin shirin TRIMING na gyaran manyan ayyukan noman rani a Arewa, Bakolori tana ciki tare da na Kano da Haɗeja da Goronyo da Daɗin Kowa. A lura da abin da gyaran ya ƙunsa: a yashe magudanai, a mai da wani sashe na filin feshi ya koma shan ruwan gangare, a kuma kafa ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa waɗanda za su riƙa kula da ƙananan magudanai suna tara kuɗin gyara da kansu. Wato bayan shekara 45 an koma ga abin da rahoton 1969 ya faɗa.

Littafin filaye

In za a ɗauki abu ɗaya daga zancen birni mai basira a fara da shi a garuruwan nan, a ganinmu littafin filaye ne. Garuruwan suna faɗaɗa, musamman da yake mutanen ƙauyuka da yawa sun gudo cikin gari saboda 'yan bindiga. Gonakin bakin gari suna zama fulotai. Ciniki yakan ƙare da 'yar takarda mai sa hannun mai unguwa da shaidu biyu, wani lokaci ma ba takardar. Daga nan ake samun fili ɗaya da masu shi uku, da gida a kan hanyar ruwa, da lungun da motar kashe gobara ba ta iya shiga. Da yawa cikin masu karanta wannan shafi aiki ne ko kasuwanci ya kawo su garuruwan nan, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da masu shaguna, sun tara ɗan abin da suka tara sun sayi fuloti. Ran da maigida ya rasu, gwauruwa da marayu ba su da dangi a gari da za su tsaya musu, abin da zai tsaya musu shi ne takarda mai ƙarfi.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce take ba da izinin riƙe su bisa al'ada. Abuja ta fara sa bayanan filayenta a kwamfuta tun 2003, Kaduna ta kafa hukumar KADGIS a zamanin Gwamna Nasiru El-Rufa'i, Zamfara ma tana da tata mai suna ZAGIS. Wannan ci gaba ne. Amma kwamfuta abin da aka ba ta shi take riƙewa. In an zauna a ofis aka shigar da ƙarya, ƙaryar ta sami hatimi ke nan, ta fi ta dā wuyar tumɓukewa.

Ƙasar Ruwanda ta nuna wata hanya. Tsakanin 2009 da 2013 ta yi rajistar filaye sama da miliyan 10. Ba ta jira ƙwararrun safiyo ba, gama ba ta da su da yawa. An ɗauki hoton ƙasa daga sama, aka buga shi a manyan takardu, aka koya wa matasan kowane yanki yadda ake karanta shi. Su ne suka bi gona-gona da gida-gida, tare da mai fili da maƙwabtansa da kwamitin ƙauye, ana taka iyaka ana zana ta a kan hoton a gaban kowa. Bayan haka aka kafe sakamakon a bainar jama'a domin mai ƙorafi ya kawo kafin a ba da takarda. Da an yi irin wannan a Bakolori kafin katafila ta shiga, da gardamar iyaka ba ta kai inda ta kai ba. Ɗaliban Kwalejin Abdu Gusau da na Bakura za su iya wannan aiki in an horar da su, tare da masu unguwanni da dagatai da iyayen ƙasa, waɗanda su ne suka san tarihin kowace kunya.

Sai dai rajista ba a gama ta rana ɗaya a rufe. Mu da muke riƙe da littattafan rajista a ikilisiyoyinmu mun san wannan: littafin da aka daina shigar da haihuwa da aure da ƙaura da rasuwa a cikinsa, cikin shekara biyar ya zama labarin waɗansu mutane dabam. Haka littafin filaye yake. In sauya suna bayan ciniki ko rabon gado yana bukatar zuwa Gusau sau huɗu da kuɗi masu yawa, mutane za su koma ga 'yar takardar mai unguwa, kwamfuta kuma ta ci gaba da riƙe sunan matacce. Ya kamata a iya yin wannan a sakatariyar ƙaramar hukuma, da kuɗin da aka rubuta a allo a bakin ƙofa.

Taswira ma ba daga sifiri za a fara ba. Wajen 2012, masu yaƙi da shan inna suka gane cewa taswirorin hannu da ma'aikatan rigakafi suke bi sun bar ƙauyuka da rugage da yawa a waje. Aka zana sababbi daga hoton tauraron ɗan'adam, aka ba ma'aikata wayoyi masu nuna inda suka taka, aka ga unguwannin da ake tsallakewa. An yi wannan a Kano da jihohin Arewa da dama, har da Zamfara, ya kuwa taimaka har aka tabbatar a watan Agusta 2020 cewa ainihin ƙwayar cutar ta daji ta ƙare a Afirka. Taswirar da ta kai ɗigon rigakafi bakin yaro za ta iya nuna unguwar da ba ta da rijiya, da wadda yaranta suke tafiya mai nisa zuwa makaranta.

Bin sawun kuɗi

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Aiwatarwa ta yi ta tafiyar hawainiya, amma ko kafin hukuncin, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana buga abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma wata-wata a intanet. Wato mai waya a hannu yana iya ganin abin da aka rubuta da sunan Bakura ko Maradun a watan jiya. Abin da ba ya iya gani shi ne inda kuɗin suka bi bayan nan. Wannan rabi na biyu ba ya bukatar wata na'ura mai tsada. Allo a bakin sakatariya ya isa, da karantawa a rediyo: ga abin da ya shigo, ga albashi, ga kwalbatin da aka bayar, ga wanda aka ba, ga ranar gamawa.

Kada a raina wannan. A maƙwabciyarmu Anka, gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum tun daga 2010. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin kuɗin share gubar a Bagega a 2012, wata da watanni ba a sake su ba, likitoci kuma ba su iya fara magani sai an share ƙasar. Waɗansu matasa, cikinsu da Hamzat Lawal, suka kafa wani yunƙuri mai suna Follow The Money, wato bi sawun kuɗi. Suka je Bagega suka ɗauko hotuna da bayanai, suka cika Twitter da su tare da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam. A watan Janairu 2013 aka saki kuɗin, aka share garin a wannan shekara. Kayan aikinsu waya ce da naci.

Gwamnatin Dauda Lawal ta kafa hukumar raya fasahar sadarwa ta jiha, ta kuma sanar a 2025 cewa tantance ma'aikata ya bankaɗo sunayen bogi fiye da 2,000 a takardar albashi, har da na ƙananan yara. Irin wannan tantancewa ta dace da kowace ƙaramar hukuma. Haka kuɗin kasuwa. Ranar Talata dabbobi da hatsi da motoci nawa suke shiga kasuwar Mafara, nawa kuma yake isa baitulmali? Rasit na na'ura yana toshe aljihun mai karɓa, gaskiya ne. Amma ɗan kasuwa zai biya da daɗin rai ne in ya ga an yashe kwata an kwashe bola. In ba haka ba, abin da aka yi kawai shi ne an sauya aljihun da kuɗin suke faɗawa.

Ran da aka kashe sabis

Shekarar 2021 ba za ta fita daga zukatan mutanen yankin nan ba. Ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai 73 a Kaya ta Maradun. Bayan kwana biyu aka ba kamfanonin waya umarni su rufe sabis a jihar baki ɗaya, alhali an riga an dakatar da kasuwannin mako-mako. A yawancin jihar sabis bai dawo ba sai wajen ƙarshen Nuwamba.

Ba mu zo yanke hukunci a kan wannan mataki ba. Abin da ya shafi zancenmu shi ne abin da watannin nan suka nuna. Masu POS suka rufe, aika kuɗi ya tsaya, mai mara lafiya ba ya iya kiran kowa, waɗansu sai sun yi doguwar tafiya kafin su gaya wa 'yan'uwansu suna da rai. Duk tsarin da za a kawo wa Mafara ko Bakura ko Maradun wanda ba ya aiki sai da sabis da wuta, to, ɗan'uwan famfunan feshin Bakolori ne. Dole kowane littafi na kwamfuta ya kasance da kwafinsa na takarda a garin, na'ura kuma ta iya riƙe aiki da hasken rana har sabis ya dawo.

Idan aka ambaci tsaro, abin da 'yan kwangila suka fi saurin kawowa shi ne kyamara. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. A 2010 gwamnatin tarayya ta ba da kwangilar dala miliyan 470, mafi yawa rance daga ƙasar Sin, domin tsarin sadarwar tsaro da kyamarori kusan 2,000 a Abuja da Legas. Cikin 'yan shekaru yawancinsu sun daina aiki, har Majalisar Wakilai ta yi bincike, bashin kuwa yana kan wuyan ƙasa. Kyamara ba ta kama ɓarawo. In ta gani, sai an sami wanda yake kallo, da wanda zai ɗaga waya, da mota mai mai, da masu zuwa a kan lokaci.

Akwai kuma wani haɗari wanda masu rubuta littattafan birni mai basira a Turai ba su cika tunawa da shi ba, amma kowane Bazamfare ya san shi. A ƙasar da ake satar mutane domin kuɗin fansa, labarin wanda ya sayar da shanu, da wanda ya ɗauki buhu ɗari na shinkafa, da wanda yake da fuloti biyar, makami ne. Masu kai wa 'yan bindiga rahoto a cikin gari suke. Littafin filaye da na haraji, in suka faɗa hannun da bai kamata ba, sun zama jerin sunayen waɗanda za a bi. Saboda haka sai a rarrabe. Kuɗin hukuma da kwangilolinta, a baje su a faifai kowa ya gani. Dukiyar talaka da lambar wayarsa, a kulle su, a kuma san sunan duk ma'aikacin da ya buɗe, da ranar da ya buɗe, da dalili. Nijeriya ta yi dokar kare bayanan mutane a 2023. Ya kamata shugabannin unguwanni da na ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na addinai su riƙa tambayar wannan tun ranar da aka zo da fom, kafin kowa ya dangwala yatsa.

Ruwan ma yana da labari

Mu koma bakin dam, gama a can ne ake iya gwada abin nan da kuɗi kaɗan. Manomin da gonarsa take ƙarshen magudana shi ne kullum ruwa yake isa wurinsa a makare, in ya isa. Faɗan da ake yi tsakanin na sama da na ƙasa yawanci a kan wannan ne. In an zana ma'auni da fenti a bangon kowace babbar magudana, wani ɗan ƙungiyar manoma ya riƙa duba shi safe da yamma yana aika lambar ta waya, ofishin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima zai san inda ruwa yake ɓacewa, manoma ma za su sani. Jadawalin ba da ruwa kuma a aika shi ta saƙon murya da Hausa, domin wanda bai yi boko ba ya ji, a kuma manna shi a bakin kasuwa.

Da damina kuwa, in tafki ya cika dole a buɗe ƙofofi, ruwan kuma ƙauyukan da suke ƙasa yake nufa, ta wajen Bakura har zuwa cikin jihar Sakkwato. Ma'aikatan dam sun san sa'ar da za su buɗe. Abin da ake bukata shi ne jerin lambobin dagatai da sarakunan ruwa da shugabannin manoma na kowane ƙauye da yake bakin kogi, a sabunta shi kowace shekara kafin ruwan farko, da yarjejeniya da gidan rediyo domin ranar da sabis ya ɗauke. Kwana ɗaya na gargaɗi ya isa a janye injin ban ruwa daga fadama, a kwashe taki da hatsi, a hau da dabbobi da yara kan tudu.